Yadda allon harbi mai lantarki ya kusa hana wani yaro aiki a dajin kudu da Garwa

Abin ya faru ne a wani kampaman, wato sansanin farauta, a arewacin Kamaru, cikin yankunan nan da gwamnati ke bayar da haya a kewayen gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida, inda baƙi ke zuwa da rani su biya kuɗi su harbi ɓauna ko gwanki da izinin hukumar daji. Ni aikina sola ne, a Garwa nake zaune, ni ke kula da panonin wurin da baturansu da firij da famfon rijiya, to kun san halin daji, duk abin da ke da igiyar wuta a jikinsa in ya samu matsala ni ake kira, ko na taɓa ganin irinsa ko ban taɓa ba. Ta haka na tsinci kaina cikin wannan magana.

Kowane kampaman yana da filin gwada bindiga, kuma ba don nishaɗi aka yi shi ba. Baƙo ya taso daga Faransa ko Amurka, bindigarsa ta sha jifa a jirgi har Duwala ko Yawunde, daga nan Garwa ko Ngaundere, sannan ga hanyar daji mai ramuka, to madubin saitin da ke kanta zai iya gocewa ba wanda ya sani. Shi yasa kafin ya taka daji sai an zaunar da shi a benci ya yi harbi a mita 100 an ga inda harsashinsa ke sauka. In aka yi sakaci ya je ya ji wa ɓauna rauni bai kashe ta ba, ba shi zai shiga ciyawa nemanta ba, masu bin sawu ne a gaba, yaranmu ne, kuma duk wanda ya san ɓauna mai rauni ya san abin da nake nufi. Da can kwali ake kafawa a jikin katako a zana baƙin ɗigo a tsakiya, a yi harbi uku, a sauke bindiga, wani ya taka ya dubo ya dawo ya ce ya yi ƙasa da yatsa biyu, a murɗa madubi, a sake, ya sake takawa. Ko a duba da abin hangen nesa, amma daga hantsi in ƙasa ta ɗau zafi kawalwalniya ba ta barin ka ga rami a kwali, komai rawa yake.

To patron, wato mai kampaman ɗin, ya dawo daga hutun damina da wata na'ura a cikin jaka. Ƙananan kunnuwa ne na ɗaukar sauti da ake maƙalawa a kusurwoyi huɗu na firam ɗin katako, da igiyoyi da suke haɗuwa a wani ɗan akwati mai batir, sai wani akwatin a wurin masu harbi wanda ke karɓar saƙo ta iska ya tura wa tabulet ko wayar hannu. Kana harbawa, kafin ka ɗago kai ɗigo ya bayyana a fuskar tabulet da lambarsa, na ɗaya, na biyu, na uku, har da nisan da ke tsakaninsu da gudun harsashin lokacin da ya iso.

Yadda take aiki shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, dan haka bari in tsaya a kai. Na'urar nan ba ta ganin komai, ji kawai take. Harsashin babbar bindiga ya fi sauti gudu, irin .375 ɗin da ake harbin ɓauna da shi yana barin bakin bindiga da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa sauti wajen mita 343 yake yi in zafin iska na kan digiri 20. Duk abin da ya fi sauti gudu yana tsaga iska ya bar wata ƙara mai kaifi a bayansa, wannan "tas" ɗin da mutum ke ji in harsashi ya gifta kusa da shi tun kafin ƙarar bindigar ta iso. Wannan ƙarar ce kunnuwan ke jira. Wanda harsashi ya fi kusa da shi zai riga sauran ji, akwatin sai ya lissafa tazarar lokacin da ke tsakaninsu ya fitar da inda harsashin ya bi. Kuma tazarar ba wata mai yawa ba ce, cikin kashi ɗaya daga miliyan na daƙiƙa sauti wajen sulusin milimita kawai yake tafiya. Kenan lissafin yana da kyau matuƙa, amma duk ya ratayu ne a kan abu ɗaya, cewa kunnuwan suna daidai inda aka gaya wa akwatin suna. Ka auna faɗi da tsawon firam ka rubuta mata, ta yarda da kai, ba ta da hanyar da za ta leƙa ta gani ko gaskiya ka faɗa, ko kuma abin ya canza bayan ka tafi.

A watan Disamba aka kafa ta, kafinta daga ƙauyen kusa ya haɗa firam, ni na ja igiyoyi na sa mata ƙaramin pano mai cajin batir. Wallahi farkon nan ta yi aiki har tana ba mutum sha'awa. Baƙo zai gyara saitinsa da harsashi kaɗan, ba mai takawa, ba jiran kowa, kuma harsashi a nan ba abin wasa ba ne, da takarda ake mallakarsa, tun ma ba bayan dokar makamai ta Disambar 2016 ba, ga tsada ga wahalar samu, kowanne a ƙirge yake a littafi. Gid ɗin kampaman, wato maharbin da ke da lasin raka baƙi, ya fi kowa murna, don yana zaune gefen mutum yana kallon hannunsa da fuskarsa, ga sakamako nan take, in ya ga mutum ya runtse ido ya fizgi kunama sai ya nuna masa ɗigon ya ce ka ga abin da ka yi. Da kwali sai an gama a ga ramuka uku ba a san wanne ne na fari wanne ne na ƙarshe ba.

Sai dai a hankali aka daina canza kwalin. Tunda tabulet na nuna komai, me za a yi da sabon kwali? Baƙin ɗigo kawai ake buƙata don a samu abin aunawa, in ya yage a liƙa wata takarda a kai. Kafin Maris kwalin nan ya zama rariya, ramuka ba adadi. Ba wanda ya yanke shawarar hakan, kawai kowa ya ga ba dole ba ne, kuma a ganina nan ne aka yi asarar da ta fi kowacce, tun kafin wani abu ya lalace.

A Maris ɗin ne patron ya ce zai zaɓi mutum ɗaya cikin masu bin sawu a fara koya masa aikin mataimakin gid, wanda zai riƙa riƙe bindiga ta biyu a bayan baƙo. Ga mai bin sawu wannan babban abu ne, albashi ya canza, kuma hanya ce ta zama wani abu nan gaba, wasu ma burinsu daga nan su samu shiga makarantar koyon aikin namun daji ta Garwa, wadda tun 1970 take horar da ma'aikatan daji daga ƙasashen Afirka masu Faransanci. Cikin sharuɗɗan akwai harbi, kowa harsashi biyar a mita 100 da bindigar kampaman, gid na tsaye. Aka fara da safe, aka tsaya saboda wani baƙo ya iso, ba a ci gaba ba sai bayan azahar, lokacin rana ta take iska kuma ta taso. Na ƙarshe da ya yi harbi wani yaro ne ɗan maharba, kakansa ma da baka ya ci abinci, kowa a wurin ya san hannunsa. Tabulet ta nuna uku sun watse can ƙasa ta hagu, wajen baƙi gaba ɗaya, biyu kuma babu su sam. Patron ya duba, ya rubuta, ya ce shikenan. Yaron bai ce uffan ba, ya ajiye bindiga ya koma gindin bishiya.

Wanda ya ƙi yarda wani dattijo ne, shugaban masu bin sawu, kowa Baba yake ce masa har patron. Ya taka har gaban allo ya tsaya yana duban kwali, to me zai gani, ramuka sun fi ɗari, tsoho da sabo duk sun cakuɗe. Ya dawo ya ce shi bai ce yaro ya ci ba, bai kuma ce ya faɗi ba, amma ba a yanke wa mutum abincinsa da shaidar wanda ji kawai ya yi. Patron ya ce na'ura ba ta san kowa ba, ba ta da ɗan uwa ba ta da ƙabila, shi yasa ma ya kawo ta cikin gwajin don kar a ce an yi son kai. Kuma maganarsa tana da ƙarfi fa, don a wurin akwai Hausawa akwai Fulani akwai Dowayo da mutanen Duru, in da mutum ne ya duba kwali ya faɗi sakamako da sai an samu mai cewa an fifita wani. Ana cikin haka wani yaron daban, wanda ya yi nasa harbin da safe sakamakonsa bai yi kyau ba, shi ma ya miƙe ya ce ai shi ma cutarsa ta yi. Magana ta zama biyu, kampaman ya rabu, har a wurin cin abinci.

Da na iso Baba ne ya tare ni tun ban sauke kaya daga babur ba. Ya ce, "Ɗana, kai ka ɗaura wa abin nan igiya, je ka tambaye shi." Na ce, "Baba, in sha Allahu za mu duba, amma in ya nuna yaronku ne ya kuskure fa?" Ya ce, "In ya nuna a kwali na yarda. Gani ya kori ji."

Ban fara da tabulet ba, wurin firam na nufa da tef ɗin awo da nivo irin na magina. Abu na farko, katakon da kafinta ya yi aiki da shi ɗanye ne. A Disamba yana miƙe sumul, amma ya sha hunturu ya sha zafin Maris, ya bushe ya murɗe, da na auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, layin biyu da ya kamata su zo daidai sun bambanta da abin da ya fi faɗin yatsa biyu. Na biyu, gara ta ci ƙafar hagu daga cikin ƙasa, ta waje lafiya lau, ka tura da hannu sai ka ji firam ɗin gaba ɗaya yana lilo, ya kuma kwanta baya kaɗan. Da safe da babu iska yana tsaye, bayan azahar iska na kaɗa kwali shi kuma yana bin ta. Na uku, kunnen sama na dama, abin da ke riƙe da shi da gam aka manna, zafi ya narkar da gam ɗin, ya zame ya sunkuya yana kallon ƙasa, ga kuma tsagar harsashi a katakon kusa da shi, alamar wani ya taɓa bugun firam ɗin, wataƙila girgizar ce ta ƙarasa shi. Na huɗu, kan igiyar da ke shiga akwati ya cika da ƙura ya yi sako-sako, in firam ya motsa sai ya ɗan saki. Harsashi biyun da suka ɓace, a nan na fi zargin suka tafi.

Duk wanda ya taɓa kai auduga sikeli ya san in ƙafar sikeli ɗaya ta nutse a ƙasa, allurar za ta ci gaba da nuna lamba tsaf ba tare da wata alamar damuwa ba, lambar ce dai ba taka ba. Abin da ya fi damuna da na'urar nan kenan. Ba ta mutu ba balle a ce ta mutu. Ta ci gaba da zana ɗigo mai kyau, da lamba har bayan waƙafi, kuma mutum in ya ga lamba a fuskar gilashi zuciyarsa na saurin miƙa wuya.

Kafin in taɓa komai na roƙi patron abu ɗaya, a sa sabon kwali fari tas, gid ya yi harbi kaɗan a yadda firam ɗin yake, mu gwada abin da tabulet ta ce da abin da kwali ya nuna. Ya yarda, duk da ya yi ƙorafin harsashi. Aka jira bayan azahar don iska ta zo kamar ta ranar. Ramukan gid a kwali suna manne da juna a cikin baƙi, tabulet kuwa ta watsa su ƙasa ta hagu, kowanne da nasa kuskuren, ɗaya ma ba ta nuna shi ba. Patron ya daɗe yana kallon biyun, sai ya ce a kira yaron.

Gyaran bai ɗau wani dogon lokaci ba. Muka samo busasshen katako, aka yi sabon firam da sanda ta gicciye a baya don kar ya murɗe, ƙafafun aka shafa musu baƙin mai aka zaunar da su cikin siminti, aka ɗaure sama da igiya ta ɓangarori biyu. Wani ya ce a yi na ƙarfe a huta, gid ya ce a'a, ƙarfe in harsashi ya same shi ba ka san inda zai nufa ba. Kunnuwan na ɗaure su da kusa mai murɗi, na sake awo na rubuta mata sabo. Sannan akwai wani mataki da tun Disamba sau ɗaya aka yi shi, wato nuna mata tsakiya. Ita tsakiyar firam ta sani, kai kuma baƙin ɗigon da ke kwali kake aunawa, in ka liƙa takarda ta goce da santimita biyu to duk harbinka zai goce da santimita biyu a tabulet. Sai ka yi harbi, ka auna ramin da tef daga ɗigo, ka gyara mata. Duk ranar da aka canza kwali ko aka motsa firam sai an sake, ko kuma a yi alama ta dindindin a katako yadda kwali zai riƙa zama wuri ɗaya.

A nan na koyi karanta kuskurenta, kuma duk mai irin wannan na'ura ya riƙe wannan. In duk ɗigon sun goce gefe ɗaya da tazara iri ɗaya, tsakiya ce ba a saita ba, wannan mai sauƙi ne. In na tsakiya sun yi daidai amma kuskure na ƙaruwa yayin da kake nufar gefe, to awon firam ne ba daidai ba, ko kuma lissafin gudun sauti, don sauti ba gudu ɗaya yake ba kullum, kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa wajen mita 0.6 a daƙiƙa, kenan da sanyin asuba na Janairu da azahar ɗin Afrilu mai digiri 42 ba abu ɗaya ba ne, ya tashi daga wajen 343 zuwa wajen 356. Na'urori masu kyau suna auna zafin ko su lissafa shi da kansu, amma in ma'aunin zafin yana kwance cikin baƙin akwati a tsakiyar rana, zafin akwati yake faɗa ba na iska ba, shi yasa na yi wa namu rumfa. In kuwa kuskuren ba shi da tsari, yau nan gobe can, nemi abin da ke motsi, firam ko kunne. In harbi ya ɓace gaba ɗaya, duba igiya da batir, sannan ka tambayi wace bindiga aka harba.

Wannan na ƙarshen ya warware wani tsohon ƙorafi. Tun Janairu yaran ke cewa na'urar na ƙin ƙaramar bindiga .22 da ake koya musu da ita saboda harsashinta ya fi araha, har wasu na cewa ta baƙi ce, ba ta kula talaka. Ba haka ba ne. Harsashin .22 na yau da kullum da gudun wajen mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa yake fita, ƙasa da gudun sauti, wanda ma ya fi wannan gudu kafin ya kai mita 100 ya riga ya sauko. Babu "tas", babu abin da kunne zai ji. Irin wannan buɗaɗɗen allon ba a yi shi don ita ba. Masu ƙaramar bindiga da bindigar iska wani iri suke amfani da shi, ko rufaffen akwati mai roba wanda ke jin lokacin da harsashi ya huda, ko mai aiki da haske wanda harsashi ke yankewa in ya wuce.

Aka sake gwajin, kowa da kowa, ba yaron kaɗai ba, kowane mutum da sabon kwalinsa an rubuta sunansa a baya. Yaron ɗan maharba ya zuba biyar ɗinsa cikin baƙi, tafin hannu ya rufe su, tabulet da kwali suka faɗi magana ɗaya, bambancinsu bai kai kaurin harsashin ba. Shi aka ɗauka. Na ji daɗin wannan har raina, don na ga yadda ya zauna a gindin bishiyar nan kamar an yi masa mutuwa, kuma da Baba bai tsaya ba da shikenan, zai koma gida da sunan wanda hannunsa ya rawa ranar gwaji, a garin da kowa ya san kakansa.

Amma ɗaya yaron, mai cewa shi ma an cuce shi da safe, kwalinsa ya fito kusan yadda tabulet ta faɗa tun farko, a watse. Tsoron dukan gindin bindiga yake, kafin ta tashi ya riga ya tura kafaɗa. Gid ya nuna masa a jere, na ɗaya ya yi kyau, daga na biyu suka fara sauka, kowanne ƙasa da na gabansa. Ina so a riƙe wannan ɓangaren ma, don bayan abin ya faru sai kampaman ya koma ɗaya gefen, duk wanda ya kuskure sai ya ce na'ura ce. Wannan ma zalunci ne, kuma ya fi haɗari, don mutumin da ya ɗora laifinsa kan na'ura ba zai gyara hannunsa ba, ran da ɓauna ta taso kuma shi ke riƙe da bindiga ta biyu.

Ko a manyan gasanni na duniya an ga irin haka. A wasannin Olamfik na Atina a 2004, Ba'amurke Matthew Emmons yana kan gaba da tazara a wasan ƙarshe na harbin mita 50 mai tsayuwa uku, saura harsashi ɗaya, ya harba, allonsa bai nuna komai ba. Aka bincika, ashe allon maƙwabcinsa ya harba. Aka ba shi sifili, ya faɗo na takwas, Jia Zhanbo na Sin ya ɗau zinare. Allon da ya yi shiru gaskiya ya faɗa. Kuma su can dole ce ta sa suke amfani da lantarki, a harbin bindigar iska na mita 10 ɗigon goma rabin milimita ne faɗinsa, ana ƙirga maki har 10.9, ba idon da zai raba wannan cikin sauri ana kallo a talabijin. Kamfanin SIUS na Suwizalan ne ya daɗe yana yi wa hukumar harbi ta duniya, ISSF, wannan aiki, akwai kuma irin su Kongsberg da Megalink na Norwe da Meyton na Jamus. Abin da ya kamata mu lura da shi, duk da kuɗinsu da injiniyoyinsu da ɗakuna masu rufi, dokokinsu sun tanadi takardar shaida a bayan allon lantarki a harbin nesa, don in ɗan wasa ya yi ƙorafi alƙalai su ciro ta su duba rami da ido. Su da ba su da gara ba su da hunturu ba su yar da kwali ba, mu a tsakiyar daji muka yar.

In aka tambaye ni ko kampaman ko wata makarantar horo a nan arewa ko a Cadi ta sayi irin wannan, zan ce ta saya in tana da mutum ɗaya da za a ce wannan aikinka ne. Amfaninta na gaske ne. Tana rage ɓarnar harsashi, tana koyarwa fiye da kwali nesa ba kusa ba, kuma ta rage yawan takawa gaban bindiga, wanda shi ne lokacin da aka fi samun tsautsayi, mutum na can gaba wani na nan yana taɓa makami. Sai dai ba ta tare harsashi, tudun ƙasa na bayan allo yana nan dole, haka ma mai duba ko makiyaya sun shigo da shanu ta baya, don fuskar tabulet na ɗauke hankalin kowa, da can idanu na kan fili yanzu duk sun sunkuya. Gid ya sa doka, mai riƙe tabulet daban, mai kallon fili daban.

Tsarin da ake bi yanzu a wurin, duk safiyar da za a yi harbi yaron da aka ɗauka shi ke zuwa da tef ya auna gicciye biyu, ya girgiza firam, ya hure kawunan igiya, ya sa sabon kwali, harbin farko kuma sai an taka an gwada shi da tabulet kafin a ci gaba. In gwaji ne da ya shafi aikin mutum ko kuɗinsa, ko saitin bindigar da za a shiga daji da ita, kwali ake ajiyewa a ofis, in an samu saɓani shi ke da magana ta ƙarshe. Da la'asar a kwance kunnuwa da akwati a kai ɗaki, ba a barinsu su kwana a fili, da damina kuma a naɗe komai a cire batir. Abin da har yanzu ba mu warware ba shi ne kayan canji, igiya ɗaya ce ta rage mana ta ajiya, irin kanta kuma na zaga kasuwar Garwa ban samu ba, sai dai a saƙa wa wani baƙo ya taho da ita. Na gaya wa patron ya sa a kawo kunne ɗaya ma na ajiya tare da igiyoyin, don wanda ke sama ta dama tsagar harsashin da ke gefensa a tsohon firam ba ta kai faɗin yatsa ba tsakaninsu.